Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Takardar da Na Sa wa Hannu

A makon jiya na tsaya ne a inda muka tare a gidanmu na kanmu, bayan shekara 14 muna haya. Sau biyar muka tashi a tsawon shekarun nan, kowane tashi kuwa sai ya ƙara nisanta mu da tsakiyar gari, har ta kai ina fita yara ba su farka ba, in dawo sun yi barci. Kusan rabin albashina mai gida ke karɓewa.

Muna shekara ta shida a sabon gidan aka ce za a gina bene hawa huɗu na 'yan haya a filin da ke bayanmu. Hankalin unguwa ya tashi. Wannan ya ce za a riƙa leƙa mana tsakar gida, wancan ya ce ruwan famfo zai yi ƙaranci, motoci su toshe layi. Aka rubuta takardar ƙorafi zuwa ofishin tsara gari, tun da ƙa'idar unguwar ita ce gida ɗaya a kowane fuloti. Ko gama karantawa ban yi ba na sa hannu.

Da daddare babbar 'yata, wadda ke karatun tsara birane a lokacin, ta zo ta zauna kusa da ni.

"Baba, su wa kake ganin za su shiga gidajen nan?"

Na ce, "Baƙi mana."

Ta ce, "Mu ne, Baba. Mu na shekarun baya."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce da gumina na mallaki gidan nan, ba zan bari a lalata mini unguwa ba. Ta yi shiru har na huce, sannan ta yi bayani a hankali. In aiki na jawo mutane gari, doka kuma ta hana ƙara ɗakuna a kusa da aikin, mutanen ba sa fasa zuwa. Kuɗin haya ne ke tashi, mai ƙaramin ƙarfi a tura shi bayan gari, abin da ya rage masa ya ƙare a kuɗin mota. Ta ce a 2016 birnin Okland na Niyu Zilan ya sassauta dokar gini a kusan kashi uku cikin huɗu na filayen zama, gine-gine suka ƙaru sosai. A 2018 kuma Miniyafolis ta Amurka ta amince a yi gida har uku a fulotin da a da ɗaya kawai aka yarda.

Na ce to, ai mai gini riba yake nema, ba talaka ba. Nan ta yarda da ni. Shi ya sa, in ji ta, Singafo ta kafa hukumar gidaje a 1960, gwamnati da kanta take gini, yau kusan mutum 8 cikin 10 a gidajen hukumar suke zaune. Amma ita ma sama ta yi da gininta.

Har gobe ina ganin tsoronmu kan ruwa da kwata gaskiya ne. Kuskurenmu shi ne abin da muka roƙa. Da babban bututu da magudana muka nema, da mun amfana, su ma sun samu wurin kwana. Mu kuwa mutanen muka ce a hana.

Gari na wayewa na tafi wurin mai tara sa hannu in ce ya cire sunana. Ya ce, "Malam, ai tun jiya da yamma aka kai."

Bayan wata uku aka hana izinin. Filin na nan har yau, an zagaye shi da katanga, ciyawa ta cika shi. 'Yar tawa da ta yi aure, sun nemi haya kusa da mu har suka gaji. Inda suke yanzu tafiyar awa biyu ce, sai ƙarshen wata nake ganin jikokina.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo yadda ta kaya ranar da na miƙe a taron unguwa na ce na canza ra'ayi.