Yinin da na yi tsakanin gam da roba da soso

Yau Asabar ban tayar da injin ko sau ɗaya ba, ban kuma ɗauki sifana ba, domin yinin gaba ɗaya ya tafi ne a kan tambayar wane gam ya dace da wane sashe. Wata biyar ke nan ina farfaɗo da wani tsohon babur ƙirar Honda CG125, inji ya tashi, tanki ya sha fenti, abin da ya rage shi ne sassan nan masu laushi da mutum kan raina har sai ranar da ya hau ya ji kujera tana zamewa a ƙarƙashinsa.

Da kujerar na fara, kuma a nan na tarar da kuskuren da na yi makonni uku da suka wuce. A lokacin na ga soson ya tsage ta gefe, sai na ɗiga masa supa gulu na matse, na ɗauka na gama. Da na danna wurin da babban yatsa yau, sai na ji wani ƙullutu mai tauri kamar tsakuwa, soson kuma ya sake yagewa dab da inda gam ɗin ya tsaya. Dalilin a fili yake: supa gulu ruwa ne tsinkakke da ke shigewa cikin ƙofofin soso, danshin iska ya daskarar da shi ya zama kamar gilashi, alhali soson kujera aikinsa ke nan ya lotsa ya dawo sau dubbai a tafiya guda. Tun 1958 wannan gam yake kasuwa kuma yana da ranarsa, amma ranar tasa tana kan ƙananan abubuwa masu santsi da suka haɗu baki da baki, ba a kan abin da ke numfashi ba. Sai da na sa reza na yanke wurin, na dasa sabon guntun soso.

Na koma ga gam ɗin da masu gyaran kujeru da takalma suka saba da shi, mai launin ruwan zuma, wanda ake shafawa a fuska biyu. Asalinsa robar neoprene ce da aka narkar a cikin sinadari mai saurin tashi, don haka idan sinadarin ya bushe abin da ke saura roba ne, yana lanƙwasa tare da soson maimakon ya yi masa gardama. Kafin in shafa na gwada a kan wani ɓallin soso, domin irin wannan gam yana cinye farin soso mai ƙwarya-ƙwarya da ake shirya kaya da shi a kwali, amma soson kujera, wanda na polyurethane ne, bai nuna komai ba. Na goge farantin ƙarfen da soson ke zama a kansa da sampefa har tsatsar ta fita, na wanke maiƙon, na shafa siririn gam a ƙarfe da kuma soson, sannan na buɗe ƙofa da tagogi saboda warinsa yana hawa kai kuma tururinsa na kama wuta.

Jiran ne ya fi wuya. Minti goma zuwa sha biyar ake so, sai gam ɗin ya daina sheƙi, idan ka taɓa da bayan yatsa ka ji danƙo amma bai biyo ka ba. Da zarar fuskokin biyu sun haɗu babu gyara, shi ya sa na shimfiɗa takarda a tsakaninsu, na daidaita gaban kujerar, sannan na riƙa janye takardar kaɗan-kaɗan ina dannawa da tafin hannu har na kai ƙarshe. Ledar da ke rufe kujerar kuwa ban dogara da gam a kanta ba, domin man da ke sa leda laushi yana tsatsafowa a hankali ya mayar da gam ya zama yauƙi. Na ja ta ne na maƙale a haƙoran ƙarfen da ke gefen farantin, kamar yadda aka yi ta tun farko.

Da rana na sa robobin hannu. Sabuwar roba takan zo da wani santsi daga ma'aikata, sai na goge cikinsu tukuna. A nan na saɓa wa ƙa'idar jira, na tura su tun gam yana ɗanye don su zame su shiga. A ɓangaren totur na rage gam ɗin sosai, na tsaya nesa da baki, domin ɗigo ɗaya da zai shiga tsakanin bututun totur da ƙarfen zai iya riƙe shi a buɗe, wannan kuwa magana ce ta rai. Na murɗa sau da yawa na ji yana komawa da kansa.

Abin da ya tsayar da ni da yamma shi ne robar da ta haɗa kabireto da akwatin iska, wadda na lanƙwasa na ga tsaga siririya ta buɗe baki. Na ɗauko silikon har na cire murfinsa, warin nan nasa mai tsami ya bugi hancina, sai na mayar. Silikon yana jure zafi, amma fetur na kumbura shi ya saki, gam ɗin da ake gauraya haɗi biyu kafin a shafa kuma tauri yake yi ya fashe da girgiza. Idan facin ya ɓalle, ƙura za ta bi ta tsagar ta shiga injin da na sha wahalar haɗawa ba tare da ta ratsa matatar iska ba. Robar nan ta tsufa ne har cikinta, kuma na yanke shawarar nemo sabuwa, kamar yadda zan yi da tiyon fetur da duk wata robar da ta shafi burki. Na ajiye tsohuwar a aljihun jaka don a gwada girmanta, na ɗora buhun yashi a kan kujerar, ba zan taɓa ta ba sai ta cika awa 24.