Kafin a Sauke Giyabos

Garejina rumfar kwano ce a ƙofar gidana, a wani ƙauye da ke gefen titin Ringim zuwa Gujungu, da rami guda da muka haƙa muka daɓe da siminti, sai yara uku da ke koyon aiki a hannuna. A Kano na koyi kanikanci, lokacin da Peugeot 504 da J5 ke cike da tashoshi, kuma a kan giyar hannu na buɗe ido. Daga baya motocin Kwatano suka shigo ƙauyuka, musamman Toyota Sienna, direbobinmu suka mayar da su na haya. Da na ga cewa duk wadda giyarta ta yi gardama sai an ja ta zuwa birni, sai na koma na zauna a hannun wani maigida na koyi aikin otomatik daga tushe.

Sienna ta farko, wadda aka ƙera daga 1998 zuwa 2003, an yi ta ne domin iyali na mutum bakwai a titunan Amurka, da inji mai silinda shida da giya huɗu na gaba. A nan kuwa takan ɗauki fasinja fiye da haka, a ɗora buhunan riɗi da zoɓo a baya, a bi da ita ta yashi da burji a tsakiyar zafin bazara, alhali ta haura shekara 20 a duniya. Duk da haka, abin da na gani da idona shi ne da yawa daga cikin giyabos, wato akwatin giyar mota, da ake cewa sun mutu da ransu ake sauke su, domin babu wanda ya tsaya ya bincika.

A daminar bara wani dattijo ya kawo mini Sienna 'yar 2001, wadda yake zuwa kasuwar Maigatari da ita duk ranar Alhamis. Ya ce: "Malam, an ce mini giyar ta tafi, sai dai a sayo wata, ni kuma ban girbe komai ba tukuna." Na ce: "Baba, ku yi haƙuri ku zauna a inuwa, ku faɗa mini yadda abin ya fara." Ya bayyana cewa dare ɗaya abin ya faru, domin jiya lafiya lau ya ajiye ta, da safe kuma ta ƙi tashi da ƙarfi, sai ta ja jiki kamar an ɗaure mata dutse, amma idan ta ɗauki hanya sai ta tafi daidai. Wannan bayanin kaɗai ya rage mini rabin aiki, saboda faiba, wato fayafayen kuloci da ke cikin giyabos, a hankali suke cinyewa, kuma mota takan daɗe tana nuna alama kafin su ƙare. Abin da ya zo dare ɗaya galibi na wuta ne.

Na zare gejin man giya na ga man ja ne, babu ƙaurin ƙuna. Sai na jona na'urar gwaji a soket mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 take da shi, ta ba ni lamba P0753, wadda ke nufin akwai matsalar wuta a solanoyid na farko. Solanoyid ɗan bawul ne da kwamfutar mota ke buɗewa da rufewa domin ta tura mai inda zai canja giya, kuma idan na farkon ya daina amsawa a irin wannan giyabos, motar takan tashi da giya ta uku maimakon ta ɗaya. Da muka bi wayar da tocila, sai muka tarar ɓera ya gutsire ta, domin a gefen rumbun hatsi dattijon ke kwanar da motar. Muka haɗa waya, muka naɗe ta, muka goge lambar, ya tafi da motarsa kafin la'asar. Na roƙe shi abu ɗaya, cewa ya cire baƙin tef ɗin da aka manna a kan fitilar gargaɗin inji, domin da fitilar a buɗe take da ya ga ta kama tun da safe.

A kan mai nake fi daɗewa da masu mota, domin shi ne abin da kowa zai iya dubawa a gidansa ba tare da sifana ba. A giyar hannu babban aikin mai shi ne santsi, amma a otomatik man ne ke ɗaukar ƙarfin inji zuwa giya, shi ke matse faiba, shi kuma ke kwashe zafi. A Toyota ana duba shi ne bayan mota ta yi tafiya ta ɗumama, a tsayar da ita a wuri mai daidai, a bar inji yana aiki, a taka birki a bi da sandar giya ta kowane matsayi, a dawo da ita P, sannan a zare geji a goge da farin ƙyalle, a mayar, a sake zarowa. Honda kuwa ana kashe inji ne a duba nan take, don haka dokar wata mota ba ta hawa kan wata. Idan man ya yi ƙasa, famfon da ke tura man a cikin giyabos zai ja iska, mota ta yi jinkirin shiga D ko ribas. Idan aka cika shi ya wuce alama, sai ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta matse komai.

Launinsa da warinsa suna ba da labari. Ja mai haske lafiya ce. Wanda ya koma ruwan ƙasa ya tsufa, yana neman canji. Baƙi mai ƙauri yana nufin faiba ta riga ta ƙone. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne in ga man ya koma kamar an zuba nono a cikin zoɓo, domin wannan alama ce ta ruwa ya shiga. Man giya yana bi ta wani bututu a cikin lagireto domin ya huce, kuma idan an shekara ana ɗura wa lagireto ruwan rijiya, tsatsa takan huda bututun, ruwa da mai su gauraya. Ruwa yana saɓule fatar faiba daga jikin ƙarfenta, don haka duk wanda ya ga wannan launi ya kashe mota a inda take.

Sai kuma irin man. Sienna ta farko Dexron III take sha, wadda ta biyo ta a 2004 mai giya biyar kuma T-IV take so, kuma Toyota takan rubuta irin man a jikin gejin ko a littafin mota. Na sha sauke kwanon giya na tarar da man da aka auna da kwalba a bakin kasuwa, ba a san sunansa ba, har na taɓa tarar da baƙin man inji. Araha ba ta ado, kuma wannan ce arahar da ta fi kowace tsada a sana'armu. Akwai kuma abin da ake mantawa a tsohuwar Sienna: difaranshiyal ɗinta, wato abin da ke raba ƙarfi ga tayoyin gaba biyu, yana da nasa mazubin dabam, ba ya shan na kwanon giya, sai ya bushe ba a sani ba har ya fara kuka.

Bayan mai da na'ura, sai in hau motar tare da mai ita, shi yana tuƙi ni ina saurare. Idan inji ya yi ƙara amma gudu bai ƙaru ba, giya na zamewa. Idan ta buga da ƙarfi lokacin shiga D, sai in fara duba robobin da ke riƙe da inji, domin idan sun tsage sukan ba da irin wannan bugu. Fuloga guda da ta daina ba da wuta takan sa mota rawa a kan hawa har a zargi giya, haka ma batir mai rauni ko wayar at, wadda ke haɗa batir da jikin mota, da ta yi tsatsa.

Idan duk wannan bai nuna komai ba, sai mu kwance kwanon ƙasa. A cikinsa akwai maganaɗisu, kuma idan abin da ya manne musu laushi ne kamar toka da aka kwaɓa, wannan tsufa ne na yau da kullum, sai a wanke kwano, a canja matata da gaskit, a ɗaure notuna a hankali ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan. Ba na yarda yarana su lafta gam, domin abin da ya matso ciki yakan ɓalle ya toshe matata. Idan kuwa na ga ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli ko baƙin garin faiba ya cika kwano, sai in kira mai mota in nuna masa da idonsa, in gaya masa gaskiya cewa sabon mai ba zai dawo da abin da ya ƙone ba.

Mafi yawan waɗanda suka kai wannan matsayi zafi ne ya kai su. Lodi fiye da kima, fankar lagireto da ta mutu aka ƙyale, da kuma abin da ke faruwa idan mota ta kafe a yashi ko taɓo, direba ya dinga jefa ta D da R yana taka totur har mai ya tafasa. Minti kaɗan na wannan ya isa ya cinye abin da shekara ba ta cinye ba, gara a sauke fasinja a tone a tura. Haka nan jan otomatik da igiya tafiya mai nisa, tayoyin gaba suna ƙasa inji a kashe, yana kashe giya, domin inji ne ke juya famfon mai, idan ya tsaya ƙarafa na juyawa a bushe. Ba ta kuma tashi da turi, komai yawan masu turawa.

Idan giyabos ya mutu da gaske, hanya biyu ce: a buɗe a sa sababbin faiba da sil, wato robobin da ke hana mai yoyo, ko a je Ƙofar Ruwa a Kano a sayo na hannu. Na hannun ya fi sauri, amma ba ka san irin wahalar da ya sha ba, shi ya sa nake zuwa da kaina, in duba lambar da ke jikinsa ta yi daidai da ta motar, in sa a buɗe mini kwano in gani, mu kuma yi yarjejeniyar kwanakin gwaji a gaban shaida. Buɗewa kuma yana son tsafta wadda ke da wuya a ƙauye, domin ƙwayar yashi guda tana iya maƙale bawul. A lokacin hunturu, idan ƙura ta taso, a cikin zauren gidana nake wannan aiki, a kan tebur da aka shimfiɗa wa leda, ƙofa a rufe.

Wurin ɗorawa akwai kuskuren da ya taɓa cin mini kuɗi a farkon buɗe garejin nan. Kwambata, wato tulun ƙarfen da ke tsakanin inji da giyabos, dole ne a juya shi ana turawa har ya zauna sosai a cikin famfo kafin a haɗa. Ranar muna sauri magariba ta gabato, bai gama zama ba muka ja da notuna, famfon ya fashe, na biya daga aljihuna, mai motar kuma ya rasa kasuwa biyu. Tun daga ranar nake auna zurfin zamansa da ruwula kafin kowa ya taɓa sifana. Muna kuma wanke bututun da ke kai mai lagireto, don kada dattin tsohon giyabos ya koma cikin sabo, kuma babu yaron da ke shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai, sai an kafa mata ƙafafun ƙarfe an datse tayoyin baya.

Idan an gama, nakan tuƙa motar da kaina zuwa Gujungu in dawo, ina ƙirga canjin giya ɗaya bayan ɗaya, in sake duba geji tana da zafi. Sannan in ajiye ta a ƙofar gida, in shimfiɗa farin kwali a ƙarƙashinta ta kwana a kai. Bayan sallar asuba nake janyo kwalin in duba, idan babu ɗigon ja ko ɗaya sai in aika yaro ya kira mai ita.