Abin da ba ku gani a wurin shaƙatawa kafin a buɗe ƙofa

Kullum sai wani ya ce min wai ni na more, ina aiki inda mutane ke biyan kuɗi su shiga, ga lilo ga furanni ga dabbobi. To bari in ɗan ba ku labarin bayan katanga, don wurin namu nan Garwa, a arewacin Kamaru, ba wani babba ba ne, lilo ne da dokin ƙarfe mai juyawa da lambu da 'yan dabbobi, amma aikin da ke cikinsa sai wanda ya gani.

Gaskiyar magana ruwa ne ke riƙe da komai. Duk wanda ya san Garwa a watan Maris da Afirilu ya san zafi na wuce digiri 40, ga kogin Binuwai can kwance amma ba zai taso ya shayar maka da ciyawa ba, daga wajen Nuwamba har zuwa saukar damina da hannu ake ba kowane tsiro ruwa, kuma dole kafin rana ta ɗaga ko bayan la'asar don in ka zuba da tsakar rana rabi iska za ta kwashe. Ranar da wuta ta ɗauke famfon rijiya ya tsaya, to ranar kowa ɗan garuwa ne har mai sayar da tikiti.

Tsohon da ke kula da lambun, Baba muke ce masa, shi ya fi kowa wahala kuma ba wanda ke ɗaukar hoto da shi. Bayan asuba za ka same shi durƙushe yana tona gindin mangwaro da ɗan yatsa ya ji ko danshi ya kai ƙasa, in ya ga hanyar gara a jikin dashe sai ya kawo toka ya zagaye. Na taɓa ce masa Baba me ya sa ba za a sare darbejiyan nan a sa furanni masu kyau ba, ya ce yaro, je ka duba inda mutane ke shimfiɗa tabarma. Na duba kuwa. Yara su hau lilo minti kaɗan su sauko, iyaye kuwa tun shigowa suna ƙarƙashin bishiya, a ganina inuwar suke saye da kuɗinsu, dabbobin gyara ne.

Su dabbobin kowa da halinsa. Kada ba ya cin abinci kullum, in sanyin hunturu ya shigo ma sai ya rage ci sosai ya kwanta baki buɗe a rana, sai mutane su ce ai gunki ne su fara jifansa da dutse wai ya motsa, wannan abu na ƙona min rai wallahi. Kunkuru in zafi ya yi sai ya haƙa rami ya shige, baƙo ya zo ya ga keji wayam ya ce an cuce shi. Jimina ce dai matsala, ita da ma tana haɗiye tsakuwa don niƙa abinci a ciki, to duk abin da ke ƙyalli za ta ɗauka, murfin kwalba, sulalla, leda. Shi ya sa washegarin Sallah kafin a sake ta sai mun bi filin a layi muna tsince shara, bayanmu kamar zai karye. Wani da ya yi karatu a makarantar kula da namun daji ta nan Garwa, wadda aka buɗe a 1970, shi ya nuna mana yadda jiminu suke raba kwanci, macen da rana namijin da dare, wajen kwana 42 kafin ƙwai ya ƙyanƙyashe, kuma lokacin ba ka kusantar namijin in kana son ƙafarka.

Birai kam ba sai na faɗa ba, biskit da alewar da ake miƙa musu ta waya shi ke sa su zawo, mu ke wanke kejin da safe.

Wanda ke son ganin raƙumin dawa da giwa ya nufi gandun dajin Waza ko na Binuwai, mu ba mu da su. In kuma wurinmu za ku zo da yara ku zo bayan la'asar, lokacin ƙarfen lilon ya huce kuma kunkuru ya fito, ledar ruwanku kuma don Allah ku riƙe ta har kwandon shara.