Kernel ya mutu: a fara kama shaida kafin a goge komai

A shagunan 'yan uwanmu na Jidda da ofisoshin masu hidimar alhazai a Makka, da zarar sabar Linux ta daskare ko ta kashe kanta ta tashi, abin da aka saba shi ne a sake ɗora tsarin daga farko. Ɓata lokaci ne. Bayan kwana kaɗan ta sake, ga shi kuma an share shaidar.

Ka fara da journalctl -k -b -1, umarni ne da zai nuna maka saƙonnin kernel, wato zuciyar tsarin Linux, na kunnawar da ta gabata. In ka ga wayam, ko dai ba a adana rajistar a /var/log/journal ba, ko kuma kernel ya mutu kafin ya rubuta komai. Maganin na biyun shi ne kdump. Za ka ware wa wani ƙaramin kernel wuri a RAM ta hanyar sa crashkernel=256M a layin GRUB, manhajar da ke tayar da Linux in an kunna na'ura; in babban ya faɗi, ƙaramin ya tashi ya kwashe abin da ke RAM zuwa /var/crash. A Ubuntu, linux-crashdump ne ke shirya wannan. Ka gwada shi da echo c > /proc/sysrq-trigger, amma bayan an tashi aiki, don da gangan umarnin ke kayar da na'urar.

A cikin rahoton faɗuwar da ka samu, wuri uku za ka duba: layin RIP mai nuna inda aka tsaya, jerin Call Trace, da kalmar Tainted. Harafin P ko O a bayan Tainted na nufin akwai direba (manhajar da ke sarrafa wani kayan na'ura) da ba na kernel ɗin ba, irin na katin Nvidia ko VirtualBox. Harafin M kuwa furosesa ne da kansa ya yi ƙorafin matsalar kayan ciki.

Rahoto ɗaya ba ya isa yanke hukunci, sai ka tara biyu ko uku ka jera su. In kullum a wuri guda yake faɗuwa, direba ne ko kuskuren manhaja: koma tsohon kernel daga menun GRUB ka ga ko zai daina. In yau nan, gobe can, to ka zargi kayan ciki, kuma a ƙasar nan zafi ne abin zargi na farko. Makka da bazara takan haura digiri 45, a kashe AC da dare don rage kuɗin wuta, a bar sabar a rufaffen ɗaki, ƙura ta toshe mata fanka. Umarnin sensors zai nuna zafin furosesa. Buɗe akwatin ka hure ƙurar, ka duba man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya shi, ko ya bushe.

Sannan ka bar memtest86+, mai gwada lafiyar RAM, ya kwana yana aiki. Kuskure ko guda ɗaya ya isa hujja. Zare sandunan RAM ɗaya bayan ɗaya, kana maimaita gwajin, har ka gano mai laifin ka canza shi.