Talata: goro huɗu a kwanon Goggo

Laccar ƙarfe takwas muke da ita yau, ga sanyin hunturu, ga hazo ya rufe Yelwa har ba a hango duwatsu. Kwas ɗin ilimin gado ne, jinetiks, kuma har yanzu muna kan Mendel.

Haƙurin mutumin nan ne yake burge ni. Malamin coci ne a garin Burno, cikin ƙasar Cek ta yanzu, ya shafe shekara takwas yana barbarar furen waken Turawa da hannunsa, yana ƙirga 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya. Ya buga sakamakon a 1866, ba wanda ya waiwaye shi sai 1900, shekara 16 bayan mutuwarsa. Dakta ya rubuta alƙaluman a allo: ƙwaya 5,474 masu santsi, 1,850 masu yamushi. Muka raba, ya ba mu 2.96, alhali a lissafin Mendel masu santsi uku ake sa ran samu a kan kowane mai yamushi ɗaya. Ya ce, "Kun gani ko? Da dubbai ya yi aiki, duk da haka bai sami uku cif ba. Ina kuma ga ɗan Adam mai haihuwar biyar ko shida?"

Da azahar muka shiga ɗakin gwaje-gwaje, aka nuna mana yadda ake gwajin jinotayif, wato gwajin da ke nuna irin jinin da mutum ya gada: A lafiyayye ne, S na sikila. Ba mu taɓa jinin ba, ma'aikacin ɗakin ne ya yi komai, mu dai muna leƙe ta kafaɗar juna. Ya ɗiga jini a jere a kan wata siririyar farar takarda mai damshi, ya sa ta cikin akwatin roba, ya jona wuta. Bayan ɗan lokaci sai jajayen layuka suka fara rabuwa. Na mai AA layi ɗaya ne, ya yi gaba. Na mai SS shi ma ɗaya ne, amma ya tsaya a baya. Na mai AS biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, kowa ya gani da idonsa. Duk bambancin nan daga harafi ɗaya ne na rubutun gado a kan kuromozom na 11, ɗaya daga cikin ƙunshin gadon da ke cikin ƙwayar halitta, GAG ya koma GTG, cikin haruffa kusan biliyan uku. Wannan canjin ne yake rage wa sinadarin jinin caji har ya kasa gudu a takardar, kuma shi ne yake sa jar ƙwayar jini ta lanƙwashe ta toshe jijiya. Dalilin da ya sa S ta yi yawa a wajenmu kuwa, tun 1954 wani masani mai suna Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa zazzaɓin cizon sauro ba ya kayar da masu AS kamar sauran. Shi ya sa a Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da ita.

Bayan la'asar na hau keke zuwa gidan Goggo a cikin gari, don an sallamo ɗan Yaya daga asibiti jiya. Yaron shekararsa uku, sikila ce da shi. Na same shi a kan cinyar uwarsa an naɗe shi da bargo, idon nan ya yi rawaya, bayan hannunsa da shatin allurar ƙarin ruwa. Anti, uwar yaron, kuma cikinta ya tsufa.

Muna cin masa Goggo ta ce, "Ai hankalina a kwance yake. Likita ya ce ɗaya cikin huɗu ne, to an riga an fitar da zakka. Uku masu zuwa lafiya lau za su zo."

Na rasa ta inda zan ɓullo. Ba a ce wa Goggo ba haka ba ne, ballantana a gaban surukarta. Sai na roƙi kwanon goronta, na zaɓi farare uku da ja ɗaya, na rufe da mayafina. Na ce, "Goggo, ki sa hannu ki ɗauko ɗaya, kar ki duba." Ta ɗauko fari. Na mayar da shi ciki na girgiza. Ta ce, "Me ya sa kika mayar?" Na ce ai haka lamarin yake, kowane ciki da cikakken kwano yake farawa, jan yana nan ko da ya fito a baya. Ta ci gaba da ɗauka tana dariya, har ja ya fito sau biyu a jere. Nan ta daina dariyar.

Ta ce, "Allah ne mai yi." Na ce ƙwarai kuwa, Goggo. Kuma har zuciyata na faɗa. Lissafin ma bai ce kowa ya yanke ƙauna ba: ma'aurata masu AS da AS suna iya haifar huɗu babu mai sikila ko ɗaya, damar haka ta kusa 32 cikin 100. Abin da ba na so shi ne a saki jiki a ƙi gwada jaririn, sai ya fara kumburin hannu da ƙafa a ce tsautsayi ne.

Maganar da ta fi ci mini rai ita ce wadda ta biyo baya, wai ciwon daga dangin uwar yaron ya zo, mu ba mu da shi. Mai SS sai ya karɓi S ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, babu wata hanya. Wannan ban faɗa ba, zan sami Yaya shi kaɗai. Shi ne ya kamata ya gaya wa mahaifiyarsa, ba ni ba.

Anti ta rako ni har zaure, ta tambaya ko ana iya sanin jinin jariri da wuri. Na ce ana iyawa, kuma alamun ciwon ba su cika bayyana ba sai wajen wata shida, don jinin da aka haife shi da shi yana kāre shi kafin nan. Ta kuma tambayi wani maganin da ta ji iyaye mata suna magana a kai a asibiti, wai yana rage yawan tashin ciwon. Na ce wannan kam sai likitansu, ni ɗaliba ce 'yar aji uku. Muka yi da ita zan raka ta ranar Alhamis, tunda ba ni da lacca sai sha biyu.