Gidan ƙasa mai hawa huɗu a Yongding

A birnin Xiamen na ƙasar Sin, inda nake karatu, zaman bene ake yi na kowa tasa ta fisshe shi. Sai ku shekara kuna haɗa bango da mutum ko gaisuwa ba ta haɗa ku ba, kuma wannan ya fi rashin tuwo damuna. Da na yi wa wani abokin karatuna ɗan ƙabilar Hakka ƙorafi, sai ya ce in bi shi yankinsu, Yongding, cikin duwatsun lardin Fujian, in ga yadda kakanninsa suka zauna.

Gidan da ya kai ni, Chengqi Lou, an kammala shi a 1709. Da'ira ce ta jar ƙasa mai hawa huɗu, da wasu da'irori uku a cikinta, ga ɗakin girmama kakanni a tsakiya. Ɗakunansa sun kai kusan 400, duk na zuri'ar Jiang. Ba tubali ba ne. Ƙasa ake dannawa tsakanin katako, ana saka gora a ciki don ta riƙe. Hawa biyu na ƙasa ba su da taga ta waje, saboda 'yan fashi ne suka sa aka yi ginin haka. Da rijiya a ciki, da hatsi, in an rufe ƙofa sai a daɗe ba a nemi waje ba.

Rabon ɗakunan ne ya fi tsaya mini a rai. Kowane iyali a tsaye ake yanka masa kasonsa: madafa a ƙasa, rumbu a hawa na biyu, ɗakunan kwana a sama. Faɗin ɗaya ne, babba da ƙarami. A babban gidanmu na Zariya kuwa, daga ganin sashen mutum ka san matsayinsa.

Tun da UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa irin waɗannan gine-gine 46 cikin kayan tarihin duniya a 2008, masu yawon buɗe ido suka cika wurin. Matasa sun tafi birni neman kuɗi, galibi tsofaffi ne suka rage suna sayar da ganyen shayi a bakin madafa. Wata tsohuwa ta zaunar da ni, tana ta cika mini ɗan mitsitsin kofi. Da aka kawo abinci, abokina ya yi mata bayanin ba na cin naman alade, sai ta tashi ta soya mini ƙwai da ganye a wani kasko daban.