Tankin da ya ƙi cika

Watana biyu da fara aiki a wani gidan bulo a bayan garin Kano, Oga ya sayo tankin ƙarfe na hannu, irin na tsaye mai zagaye, babu rubutun lita a jikinsa. Da yake ni ne mai takardar sakandare a wurin, sai ya ce in lissafa jarka nawa za mu sa 'yan garuwa su kawo.

Tef ɗinmu ya ɓata a ranar, sai na ɗauki igiya na gwada da durom ɗin da muke jiƙa siminti. Faɗin tankin ya ninka na durom sau biyu, tsayinsa ma haka. Biyu sau biyu huɗu, durom huɗu ke nan, lita 800, jarka 32 mai lita 25. Na faɗa da ƙarfin gwiwa. Aka juye jarka 32, na leƙa, ruwa ko rabi bai kai ba. Masu buga bulo suka samu abin dariya, har aka tashi "Injiniya" suke ce mini.

Wani dattijo mai walda da ke maƙwabtaka da mu, wanda bai yi boko ba, shi ya kira ni gefe.

"Yaro, ɗakin da ke cin tabarma ɗaya, in ka ninka tsawonsa ka ninka faɗinsa, tabarma nawa zai ci?"

"Huɗu, Baba."

"To gindin tanki fa, ba ɗaki ba ne?"

Nan na ga inda na kwana. Faɗin abu mai zagaye ta kowane ɓangare yake buɗewa, don haka in ya ninku sau biyu, filin gindin sau huɗu yake ninkuwa. Tsayi kuwa miƙe yake tafiya, biyu biyu ce. Huɗu sau biyu takwas: durom takwas, wajen lita 1,600. Abin haushin shi ne na haddace wannan a aji, 22 bisa 7 sau rabin faɗi sau rabin faɗi sau tsayi, har na ci shi a jarrabawa. Ban taɓa tsayawa na tambayi dalilin da rabin faɗin ya fito sau biyu ba.

Da muka sha ruwan ya ƙare, Baba ya nuna mini hanyar da ta fi wannan sauƙi. Muka zuba jarka huɗu, lita 100, muka tsoma busasshiyar sanda. Jiƙon ya kai santimita 10. Zurfin tankin santimita 170 ne, wato goma sau 17, lita 1,700, jarka 68. Ratar lita ɗari da ke tsakanin lissafin biyu ba ta dame shi ba, ya ce durom in an cika shi fal ai yana ɗan haura 200. Na bi sandar da wuƙa ina yi mata tsaga duk santimita 10, daga nan ba mai garuwar da ya ƙara yi mana gardamar ƙidaya.

Sandar ma ta so ta ba ni kunya daga baya. Da aiki ya buɗe muka koma sayen ruwan tanka, sai na ɗauka in ruwa ya kai kwatan zurfinta, kwatan lodi ya rage. Tankin mota a kwance yake, ƙasansa tsukakke, cikinsa buɗaɗɗe, saboda haka tsagogin ba sa cin ruwa daidai da juna. Kwatan zurfi a can kashi ɗaya cikin biyar ne kawai na lodin, a tsakiya kaɗai rabin sanda ke zama rabin ruwa. Wannan karon sai da na tsallaka rumfar Baba kafin in buɗe baki a gaban direba.